Cinikin da Aka Ƙulla a Kan 'Yan Matan Shanghai

A tsakiyar shekarun 1890, a wani aji a birnin Shanghai na ƙasar Sin, akwai wata yarinya 'yar shekara biyar da ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa idan ta zauna. An yi kujerun ajin ne don manyan 'yan mata, ita kuwa sai ƙafafun su yi ta lilo har su sage. A wurin cin abinci ma haka take fama, kafin ɗan gajeren hannunta ya kai ga kwano, manya sun kwashe na kwashewa. Sunanta Soong Ai-ling. Bayan shekara arba'in mijinta ne ministan kuɗin ƙasar gaba ɗaya. Ƙanwarta ta auri Sun Yat-sen, wanda ake kira uban jamhuriyar Sin, autarsu mace kuma ta auri Chiang Kai-shek, wanda ya zama shugaban ƙasar. Dukansu uku sun zauna a kujerun makarantar nan, ko da yake autar ba ta daɗe ba aka mai da ita gida saboda firgitar da take yi cikin dare.

Abin lura a ƙafafun nan masu lilo shi ne ba a ɗaure suke ba. A wancan zamani 'yar gidan mutunci a Sin, tun tana shekara biyar ko shida, akan lanƙwashe mata ƙananan yatsun ƙafa huɗu zuwa ƙarƙashin tafi, a naɗe da dogon ƙyalle a tamke, a riƙa kwancewa ana ƙara matsewa har ƙashin ya karye ya warke a lanƙwashe. Burin uwa shi ne ƙafar 'yarta kada ta wuce inci uku, don da irin wannan ƙafar ake samun miji na gari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ba karin magana ba ne kawai, da hannu ake yi. Ai-ling ta tsira saboda gidansu gidan Kirista ne, uwarta ma a makarantar mishan ta yi karatu.

Makarantar ita ce McTyeire, wadda Sinawa ke kira Zhongxi, wato Sin da Yamma. 'Yan mishan na ɗarikar Methodist ta kudancin ƙasar Amurka suka buɗe ta a watan Maris na 1892 da ɗalibai bakwai. Ta yi shekara sittin cif kafin gwamnatin Kwaminis ta karɓe ta. Tarihinta ya ɗauko wata tsohuwar tambaya da ta fi ƙarfin Shanghai: idan mutum ya ba ka alheri na gaske, amma da wata manufa a ransa wadda ba taka ba ce, kyauta ya ba ka ko koto ya sa maka a ƙugiya? In kuma ka cinye koton ka bar masa ƙugiyarsa, wa ya cuci wani?

Kafin McTyeire, makarantun mishan na mata na 'ya'yan talakawa ne. Wata Baturiyar Ingila, Mary Ann Aldersey, ta buɗe ta farko a birnin Ningbo a 1844, shekara biyu bayan Ingila ta ci Sin da yaƙi a kan cinikin ofiyam ta tilasta mata buɗe tashoshin jiragen ruwa biyar, ciki har da Ningbo da Shanghai. Ta ƙofar da igwa ta fasa masu wa'azi suka shigo, kuma Sinawa ba su taɓa mantawa da wannan ba. Babu mai rufin asirin da zai miƙa 'yarsa ga baƙi, don haka sai makarantun suka koma neman marayu da 'ya'yan waɗanda yunwa ta ci ƙarfinsu. A ba yarinya abinci da sutura da wurin kwana, uban ya sa hannu a takarda cewa ba zai janye ta ba sai ta cika shekarun da aka yanka. Jita-jita kuwa ta cika gari, wai Turawa na ƙwaƙule idanun yara su haɗa magani. Irin wannan magana ce ta haddasa kisan da aka yi a Tianjin a 1870, inda taron jama'a ya afka wa gidan marayu na 'yan Katolika ya kashe matan zuhudu goma.

Wanda ya ga cewa wannan hanya ba za ta kai ko'ina ba shi ne Young J. Allen, ɗan mishan, mutumin jihar Jojiya ta Amurka, wanda ya sauka Shanghai a 1860. Bai daɗe da zuwa ba yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka, kuɗin coci suka yanke, dole ya nemi aikin koyarwa da fassara a hannun gwamnatin Sin don ya ciyar da iyalinsa. A nan ya san malamai da manyan ma'aikata, ya kuma gane cewa a ƙasar da ilimi ne tsanin mulki, wa'azi a bakin kasuwa ba zai taɓa masu faɗa a ji ba. Ya kafa mujallar da ta zama Wanguo Gongbao, wadda masu neman gyara irin su Kang Youwei da Liang Qichao suka riƙa karantawa. Ya kafa kwalejin samari. Sannan ya ce sauran mata, kuma 'ya'yan manya yake so, waɗanda iyayensu za su biya kuɗi.

Lissafinsa a fili yake. Yarinyar gidan attajiri ita ce matar babban ma'aikaci gobe, ita ce uwar wani jibi. A samu zuciyarta, an samu gida; a samu gidajen manya, an samu ƙasa. Ba a ɓoye wannan lissafi ba, da shi ma aka riƙa tara gudummawa a majami'un Amurka.

Wadda ta ɗauki aikin a ka ita ce Laura Haygood. Shugabar makarantar sakandaren 'yan mata ce a birnin Atlanta, tana da matsayinta da albashinta, ta ajiye ta taho Shanghai a 1884 tana gab da shekara arba'in, shekarun da koyon harshen Sinanci ba wasa ba ne. Shekaru ta yi tana rubuta wasiƙu ga matan coci a kudancin Amurka suna haɗa taro da sisi har gini ya tashi a titin Hankou. Ta rasu a Shanghai a watan Afrilun 1900, shekarar da makarantar ta yaye ɗalibanta na farko, su uku. A cikin shekarar ce kuma 'yan tawayen Boxer suka kashe 'yan mishan da iyalansu fiye da 200 a arewacin ƙasar, tare da Kiristocin Sin kimanin 30,000. Wadda ta gaje ta, Helen Richardson, ita ma a bakin aikin ta rasu a 1917. Duk wanda zai ce waɗannan mata 'yan damfara ne, sai ya fara bayyana irin damfarar da mutum ke yi har ya mutu a kanta a ƙasar da ba tasa ba.

Amma fa akwai wani abu da ya kamata a ajiye kusa da wannan yabo. Cocin da ya aiko su ya ɓalle ne daga 'yan'uwansa na arewacin Amurka a 1845 a kan batun bauta, shi yana ɓangaren masu riƙe bayi. Bishop Holland McTyeire, wanda makarantar ta ci sunansa, ya yi rubutu a kan haƙƙoƙin da ke kan ubangidan bawa, rubutun da ya karɓi bautar a matsayin halal. Shi kansa Allen sai da ya sayar da gonarsa da bayinsa kafin ya hau jirgin ruwa. Wato mutanen da suka ƙetare teku don kwance ƙafafun 'yan matan Sin sun baro baƙar fata a gida cikin wani ɗaurin. In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Wannan bai rage zafin ɗaurin ƙafa ba ko kaɗan, bai kuma sa kwance shi ya zama laifi ba. Abin da ya nuna shi ne mai kawo gyara yakan hango aibin da ke nesa da shi tun kafin ya ga wanda yake zaune a kai.

Haka nan maganar da aka riƙa yi a majami'un Amurka cewa matan Sin duk cikin duhun jahilci suke, akwai ƙari a ciki. Gaskiya ne akwai karin maganar Sinawa da ke cewa rashin baiwa shi ne nagartar mace, kuma ba a barin mace ta shiga jarrabawar aikin gwamnati. Amma a gidajen malamai na yankin da Shanghai take, mata dubbai sun yi karatu a cikin gida har sun bar littattafan waƙoƙi. Musulmin Sin na ƙabilar Hui ma, musamman a lardin Henan, suna da makarantun mata da masallatan mata da malamai mata ke jagoranta tun kafin zuwan waɗannan baƙi. Sabon abin da mishan suka kawo shi ne makaranta a wajen gida, mai aji da ƙararrawa da jarrabawa da takardar shaida, inda 'yar wani ke zama kusa da 'yar wani. Sinawa da kansu sun buɗe irinta a Shanghai a 1898, gwamnatin sarki kuma ba ta amince da makarantun mata a hukumance ba sai 1907.

To, me ya sa attajiran Shanghai suka kai 'ya'yansu? Ba su jahilci manufar ba. Sun san akwai addu'a kullum, akwai darasin Littafi Mai Tsarki, akwai coci ranar Lahadi. Su ma da nasu lissafin. Shanghai gari ne na bankuna da kamfanonin Turawa, Turanci kuɗi ne. Samarin manyan gidaje suna dawowa daga jami'o'in Amurka da Ingila, ba sa son matar da ba za ta iya zama da baƙi a teburi ba. Yarinyar da ta fito daga McTyeire tana jin Turanci kamar 'yar Jojiya, tana kaɗa fiyano, ta san lissafi da kimiyya da tsarin gida irin na zamani. Takardar makarantar ta zama wani ɓangare na kayan ɗaki, har ta fi gado da akwati daraja. Uban da ke ƙona turare a gaban allon kakanninsa da safe, shi ne zai biya kuɗin makarantar da rana, yana mai cewa a ransa: ta je ta kwaso Turancin, waƙoƙin cocin kuma in ta yi aure za su bi iska.

Ciniki ke nan tsakanin manya biyu, kowa ido buɗe, kowa yana ganin shi ne mai wayo. Mai makaranta yana cewa bari su zo don Turanci, sa tafi da bishara. Uba yana cewa bari ta saurari bishara, ta dawo da Turanci. Wadda ake cinikin a kanta ce kaɗai ba a tambaya ba.

Wasu daga cikin 'yan mishan sun hango inda abin zai ƙare. Tun a babban taronsu na Shanghai a 1877 suke gardama a kan ko kuɗin wa'azi ya halatta a kashe a kan koyar da lissafi da labarin ƙasa. Masu bin tafarkin wani ɗan mishan, Hudson Taylor, sun fi son a shiga ƙauyuka a yi wa'azi kai tsaye. Calvin Mateer, wanda ya fi kowa kare makarantu, shi kuma ya ƙi yarda a koyar da Turanci a tasa, don a ganinsa yaro na samun Turanci zai tsere wa coci ya nufi kamfani. Allen ya zaɓi Turanci. Ta fuskar cika aji shi ya yi nasara, har a 1917 makarantar ta koma wani babban lambu a yammacin birnin saboda tsohon wurin ya yi kaɗan. Ta fuskar abin da Mateer ya ji tsoro kuwa, ba a ce ya yi ƙarya ba.

Gidan su Ai-ling ya isa misali, don a nan aka ga riba da hasara a kwano ɗaya. Mahaifinsu, Charlie Soong, ya yi karatun addini a Jami'ar Vanderbilt, ya so ya ƙara da likitanci, amma Bishop McTyeire ɗin nan dai ya hana, ya ce a mai da shi gida ya yi wa'azi. Ya dawo a 1886 aka sa shi ƙarƙashin Allen, wanda ya raina shi, ya yanka masa albashin da bai taka kara ya karya ba. Bayan 'yan shekaru ya ajiye aikin ya shiga kasuwanci, ya yi arziki da buga Littafi Mai Tsarki da harkar injin fulawa, ya riƙa zuba kuɗin a asirce cikin juyin juya halin Sun Yat-sen. Duk da haka makarantar da ke ɗauke da sunan bishop ɗin da ya tare masa hanya, ita ya kai 'ya'yansa. Shi ma ya san abin da yake saye.

Autar, Mei-ling, ita ce mafarkin Allen da ya tabbata. Ta auri Chiang Kai-shek a watan Disambar 1927, bayan uwarta ta sa masa sharaɗin ya riƙa karanta Littafi Mai Tsarki, kuma a watan Oktoban 1930 aka yi masa baftisma a ɗarikar Methodist. Ga shugaban ƙasa ya shigo ta hannun mace, daidai yadda aka tsara. A 1943 ta tsaya gaban majalisar dokokin Amurka ta yi jawabi da Turancin da ya girgiza zauren. Ta tsakiyar kuwa, Ching-ling, wadda ta zauna a aji guda ta rera waƙoƙi guda, ta juya wa gwamnatin mijin ƙanwarta baya, ta tsaya tare da 'yan Kwaminis, ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a 1959, aka karɓe ta cikin jam'iyyar kwanaki kaɗan kafin rasuwarta a watan Mayun 1981. Gwamnatin da ta yi wa hidima ita ce ta rufe babin mishan a ƙasar. Uwa ɗaya, uba ɗaya, makaranta ɗaya.

Kafin a kai nan, sai da guguwar shekarun 1920 ta wuce. A 1922 'yan mishan suka fitar da wani ƙaton littafin ƙididdiga na ayyukansu, suka sa masa suna mai ma'anar mamayar Kirista a ƙasar Sin. Ko maƙiyi ne ya zaɓa musu sunan, iyakar abin da zai yi ke nan. A shekarar ɗalibai suka kafa ƙungiyar adawa da Kiristanci, bayan shekara biyu kuma kiran ya koma na a ƙwato ikon ilimi daga hannun baƙi. Ranar 30 ga Mayun 1925 'yan sandan da Turawan Ingila ke jagoranta suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a titin Nanjing na Shanghai, suka kashe mutane da dama. Daga ranar, ɗalibin makarantar mishan ya zama abin nuni da baki: ɗan ƙasa ne shi ko yaron Turawa? A Jami'ar St. John's ta 'yan mishan ɗalibai ɗaruruwa suka fice saboda rikici da shugabanta a kan ɗaga tutar ƙasa, suka je suka kafa tasu jami'ar.

Gwamnati ta zo da sharuɗɗa. Duk makarantar da ke son a san da takardarta sai ta yi rajista, shugabanta ya zama Basine, Sinawa su fi yawa a hukumar gudanarwarta, kuma kada a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko shiga ibada. St. John's ta ƙi, ta yi ta ja har 1947. McTyeire ta bi: a 1929 ta naɗa Basiniya ta farko a shugabanci, Grace Yang, a 1930 ta yi rajista. A duba shekarar da kyau. Gwamnatin mutumin da aka yi wa baftisma a 1930 ita ce ta cire wa makarantar matarsa ikon tilasta ibada. An samu sarkin, amma sarkin ya fi jin tsoron 'yan ƙasarsa fiye da fastonsa.

A nan ne tambayar koto da ƙugiya ta samu gwaji na zahiri. Shekara da shekaru masu makarantun suna cewa karatun da addinin abu guda ne, in an zare ɗaya ɗayan zai rushe. Aka zare tilas ɗin, makarantar ba ta rushe ba. Shekarun 1930 ma su ne lokacin da ta fi haske, aka yi sabon babban gini a 1935, iyaye suna rububin gurbi. Wadda ke son addu'a ta ci gaba da zuwa, wadda ba ta so ta zauna a ɗakin karatu. Kuma in za a bi koyarwar addinin da kansa, ai nan ne aka fara sanin masu ibadar gaskiya, tun da durƙuson da aka yi don tsoron rasa maki ba ya cikin lissafin kowane addini da ya san darajar niyya. Dokar da 'yan mishan suka ɗauka hasara ce ta raba su da wani abu da bai kamata tun farko su riƙe ba.

Saboda haka hukuncin ba ɗaya ba ne a kan dukan makarantun. Inda aka sa uban da yunwa ta kama ya dangwala hannu a takarda a kan 'yarsa, ko da an ciyar da ita an tufatar, akwai ƙugiya, domin wanda ba shi da zaɓi ba a cewa ya yarda. Inda attajiri ya auna ya biya da kuɗinsa, ba a yaudare shi ba, shi ma bai yaudari kowa ba. Saura haƙƙin yarinyar, kuma abin mamaki shi ne karatun da kansa ya biya ta wani ɓangare na wannan haƙƙi. Wanda ya koya wa yarinya karanta Linjila da Turanci ya koya mata karanta duk abin da aka rubuta da Turanci, har da littattafan masu cewa babu Allah da na masu cewa a kori Turawa. Malami yana da iko a kan abin da zai koyar, ba shi da iko a kan abin da za a yi da shi. 'Yan matan McTyeire sun zama likitoci da malaman jami'a da mawaƙa da matan manya, wasu Kiristoci na ƙwarai, wasu 'yan Kwaminis, da yawa kuma ba ko ɗaya.

Mai karatu a Kaduna ko Kano ba baƙo ba ne ga wannan lissafi. Iyaye Musulmi da yawa sun auna shi a kan makarantun mishan na garuruwansu, wasu suka kai 'ya'yansu, wasu suka ce ko da wasa. Makarantar 'yan mata ta Katolika da ke Kakuri, Queen of Apostles, ita ce gwamnati ta karɓa a farkon shekarun 1970 ta koma Queen Amina.

Ƙarshen McTyeire ya zo da sauri. Sojan Japan sun mai da harabarta asibiti a lokacin yaƙin duniya na biyu, aka dawo bayan 1945, sai ga 1949, 'yan Kwaminis suka karɓi mulki. Da yaƙin Koriya ya haɗa Sin da Amurka gaba da gaba a ƙarshen 1950, kuɗin coci suka daina shigowa, 'yan mishan suka tattara suka fice. A 1952 gwamnati ta haɗe McTyeire da St. Mary's Hall, makarantar 'yan Anglika da aka kafa a 1881, wadda shahararriyar marubuciya Eileen Chang ta gama a 1937, aka kira su Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta Uku ta Shanghai. Lamba ta maye gurbin sunan bishop.

Waɗanda suka yi fafutukar a raba makaranta da wa'azi ba su samu abin da suka nema ba. An fitar da darasin Littafi Mai Tsarki, darasin siyasa ya shiga gurbinsa, kuma shi babu zancen wadda ke so da wadda ba ta so. Sabon mai makarantar ma da lissafin Allen ya zo, cewa ta hannun yarinya ake kama gobe, sai dai shi yana da 'yan sanda. A zamanin Juyin Al'adu da ya fara a 1966, tsohuwar ɗalibar mishan ta zama abar tuhuma, Turancin da ubanta ya saya mata da tsada ya zama shaidar da ake kafawa a kanta. Makarantar ma an cusa mata maza, sai a farkon shekarun 1980 ta koma ta mata zalla. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shekarun nan ashirin da 'yan kai, daga 1930 zuwa 1952, su ne kaɗai lokacin da yarinya a wannan harabar take da 'yancin ta ce a'a ga aƙidar mai makarantar ba tare da ta rasa kujerarta ba.

Akwai kuma wani lissafin da zai ba Allen mamaki da yana raye. Bayan fiye da shekara ɗari na makarantu da asibitoci da jami'o'i, Kiristocin Sin mabiya ɗarikun Furotesta ba su wuce miliyan ɗaya ba a 1949. A 2018 gwamnatin Sin da bakinta ta ce sun kai miliyan 38. Wannan yaɗuwa ta faru ne bayan an kori baƙin, babu makarantar mishan ko ɗaya, dokar ƙasa ta raba ilimi da addini, kuma mafi yawanta a ƙauyuka ta fara, a bakin talakawa, mata ne kan gaba, irin mutanen da Allen ya ce ba ta kansu za a kama ƙasa ba. A matsayin dabarar wa'azi, McTyeire ba ta biya kuɗin da aka zuba mata ba. A matsayin makaranta kuwa, har waɗanda suka ƙwace ta ba su yi gangancin rushe ta ba.

Cocin Moore, wanda aka gina a tsohon filin makarantar, an rufe shi a 1966 aka mai da shi makarantar sakandare, aka sake buɗe shi don ibada a watan Satumban 1979. Ita kuwa makarantar tana nan a lamba 155, titin Jiangsu, 'yan mata na shiga da fita kowace safiya. Ginin 1935 da aka sa wa sunan Helen Richardson yana tsaye da dogayen tagoginsa irin na coci. Sunansa yanzu Ginin Huɗu ga Mayu, don tunawa da zanga-zangar ɗalibai ta 1919, wadda daga cikinta masu neman a kori makarantun mishan suka fito.